Durom da lainin na birkin bayan Hilux: wanne zan saya, kuma dole ne sai an canza durom?

Mai_Akorikura_Soba

Assalamu alaikum. Masana harkar mota, ina neman shawara. Hilux ce ta 2012, injin fetur 2.7, mai fowil, noti shida a taya. Aikinta ɗaukar buhunan masara daga Soba da Maigana zuwa cikin Zariya. Yanzu fedar birki sai ta nutse sosai kafin ta kama, hambirki ba ya riƙe mota a gangare, kuma tayar baya ta hagu tana ƙarar ƙarfe idan an taka a hankali. Bakanike ya ce a sayo lainin (abin da ke gogar cikin durom ya tsayar da taya) da durom biyu, bai ma buɗe ba. A Sabon Gari an nuna mini lainin kala uku, kowanne an ce shi ne orijinal, sannan ga durom sabo ga na Beljiyam. Shin dole ne sai an canza durom, ko lainin kaɗai ya isa? Idan dole ne, wanne ya fi tsakanin sabo da na Beljiyam?

Bakaniken_Tudun_Wada

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kar ka sayi komai tukuna. Ba a yanke wa durom hukunci da kunne ko da ido, sai an cire an auna. A buɗe ɓangarorin biyu, ba na hagu mai ƙara kaɗai ba.

Wajen cirewa a saki hambirki gaba ɗaya, a sa wa tayoyin gaba dutse, a ɗora motar a kan sitan (ƙafar ƙarfen da ake tokare mota da ita), ba jak kaɗai ba. A fuskar durom ɗin Toyota akwai ramuka biyu masu zare. A ɗaura bolt M8 a kowanne, ana juya wannan kaɗan, a juya wancan kaɗan, durom zai taso da kansa. Idan ya taso ya cije, a tsaya. Wannan alama ce lainin ya ci rami a ciki ya bar leɓe a baki, leɓen ne ke kama shi. Sai a leƙa bayan farantin birki, a cire robar da ta toshe ƙaramin rami, a tura maƙallin ajasta (abin da ke matso da lainin kusa da durom) da siririn sukudireba, a mayar da haƙoran ajasta baya da wani sukudireban har lainin ya saki. Masu ci gaba da ɗaure bolt da ƙarfi ko dukan durom da babbar guduma su ne ke lanƙwasa fil ɗin da ke riƙe lainin, wani lokaci har faranti.

Yanzu awo. A jikin kowane durom an rubuta iyakar faɗin da zai iya kaiwa, za ka ga MAX DIA da lamba a gaba. Irin motarka, mai fowil da noti shida, durom ɗinta sabo milimita 295 ne a ciki, iyakarsa 297. Wadda ba fowil ba mai noti biyar nata 254 ne, iyaka 256. Ka ga ke nan tsakanin sabo da wanda ya mutu milimita biyu ne kacal, abin da ido ba zai gane ba. A auna da baniya (ma'aunin faɗi da kauri na milimita) mai dogon baki wadda za ta wuce leɓen ta taɓa inda lainin ke gogawa. Idan aka ɗora ta a kan leɓen za ta ba da lambar ƙarya, a ga kamar durom sabo ne. A auna wuri uku ko huɗu a zagaye. Idan lambobin sun bambanta, durom ya zama ƙwai, shi ne ke sa feda ta riƙa bugun ƙafa.

Dalilin da ya sa iyakar nan ba wasa ba ce: an lanƙwasa lainin ne daidai da da'irar 295. Idan durom ya buɗe, sabon lainin tsakiyarsa kawai ke taɓawa, kai da gindi suna shawagi, sai birki ya yi rauni ga shi kuwa komai sabo ne. Fistin ɗin wil silinda (wadda man birki ke shiga ta tura lainin ya kama durom) kuma sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya kai, feda ta nutse. Ƙarfen da ya yi siriri yana saurin ɗaukar zafi, da ya yi zafi ya ƙara buɗewa, ya gudu daga lainin. Mota da lodi a gangare, nan ne direba ke jin birki ya tafi, bayan minti goma ya dawo kamar ba abin da ya faru.

Ko da awo bai kai iyaka ba, a jefar da durom idan akwai tsaga ko da siririya ce, ko tabo shuɗi-shuɗi masu sheƙi na ƙonewa, ko rami mai zurfin da farce ke maƙalewa a ciki.

Shi lainin, idan kaurin abin da ke gogawa ya sauko milimita 1 ya ƙare a ƙa'idar Toyota, amma motar lodi ba a jiran ta kai nan. Daga 2 a canza. Kar ka yi mamaki idan na gaba ya fi na baya cinyewa a kowace taya, haka tsarin birkin yake, na gaban ne ke shan wahala idan mota na tafiya gaba.

Abin da ya fi komai muhimmanci kafin a share ƙura: a duba ko akwai danshi. Idan ƙurar ta zama baƙin laka mai maiƙo, wani abu na yoyo. A ɗaga robar bakin wil silinda da yatsa, idan man birki ya fito, silinda ce. Idan kuwa maiƙon daga tsakiya yake fitowa, yana warin nan mai hawa kai na man giya, oyil sil ɗin aksil ne. Sabon lainin a kan yoyo asarar kuɗi ce, sati biyu ya jiƙe. Kuma lainin da ya sha mai ba ya wankuwa. A zuba masa fetur a cinna wuta, kamar yadda wasu yaran gareji ke yi, saman kawai ke bushewa, da ya yi zafi man da ke ciki ya sake tasowa.

A buɗe, ka kawo mana lambobin.

Dilan_Safaya_Sabon_Gari

Oga ya gama da awo, bari in taɓa ɓangaren saye.

Alhaji, kar ka shiga shago ka ce "lainin na Hilux" kawai. Hilux iri-iri ce, har a shekara ɗaya. Ka zo da lambar shasi, haruffa da lambobi 17, tana jikin takardun mota da jikin ƙofa. Idan ta fara da MR0 ƙirar Tailan ce, idan AHT ce ta Afirka ta Kudu. Ka kuma zo da tsohon lainin guda ɗaya da durom ɗin a hannu. A ɗora tsoho a kan sabo baya da baya: faɗi ya zo ɗaya, lanƙwasa ta zo ɗaya, ramukan sifirin da na hannun hambirki su faɗa wuri ɗaya. Rami ɗaya ya kauce, bakanike zai ɗauko diril ya huda, daga nan ajasta ba za ta sake aiki daidai ba.

A lambobin kayan Toyota, saitin lainin na baya yana farawa da 04495, durom kuma 42431. Sauran lambobin bayan dash su ke bambanta mota da mota, shi ya sa ake son shasi. Amma lamba a kwali ba shaida ba ce, masu jabu sun iya buga kwali fiye da yadda suka iya yin lainin. Kayan ake dubawa. Ƙarfen lainin mai kyau yana da kauri da nauyi, waldarsa a tsabtace, ramukan ba su da kaifi. Ka bi bakin inda aka manna abin gogawa da ƙarfen, kar ka ga rata ko gam ya tsiyayo gefe ɗaya wani gefen babu. Ka kankara da makulli: mai kyau zai yi ɗan zane, na banza zai zubo gari kamar gawayi. Ka sa shi cikin durom ka danna, ya kwanta tun daga kai har gindi, ba ya rawa.

Idan na kwalin Toyota ya yi tsada ko ba ka yarda da shi ba, akwai kamfanonin da birki ne sana'arsu, irin su Akebono, Advics, Nisshinbo, Bendix da TRW. Ni a ganina gara na kamfani irin wannan daga dilan da zai rubuta maka rasit ya yarda ka dawo da shi, da "orijinal" mai arhar da ba ta da dalili. Kala ukun da aka nuna maka duk orijinal, to aƙalla biyu ba su ba ne.

Batun durom na Beljiyam. Ƙarfensa yawanci mai kyau ne, tun da shi ya zo da mota daga kamfani, amma an cire shi ne daga motar da ta yi aiki. Idan za ka saya, ka je da baniya. Wanda ya auna 295 da ɗan ɗigo, cikinsa sumul, ba tsaga, ya fi sabon da ba a san wanda ya zuba shi ba. Wanda ya kai 296.5 kuwa ka sayi matsalar wani ne. Ka rataye shi a yatsa ka ƙwanƙwasa da sifana: lafiyayye zai yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, mai tsaga zai yi "kwaf" ya mutu. Sabo kuma ka gwada nauyinsa da naka tsoho. Idan sabo ya fi tsohon da ya cinye rashin nauyi, an rage ƙarfe, ka ajiye. Ka duba ramin tsakiya ya zauna cif a kan hob, idan yana da lilo durom zai juya a karkace. Idan ba a samu mai kyau a nan ba, a aika Ƙofar Ruwa a Kano, amma da lambar shasi da awo, ba da baki ba.

Ka haɗa da saitin sifirin da fil da ƙananan kofunan da ke riƙe lainin. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma sifirin da ya sha zafi shekara goma ba ya janye lainin yadda ya kamata, sai ya riƙa gogar durom kana tafiya, ga zafi ga shan mai.

Direban_Kwangila

Gafara dai manya, amma me zai hana a kai durom ɗin wajen masu injin a kankare cikinsa, a kuma liƙa sabon abin gogawa a tsohon ƙarfen lainin? Manyan motoci haka ake musu, kuma kuɗin bai kai rabi ba.

Bakaniken_Tudun_Wada

Malam, kankara halal ce idan akwai naman da za a cira. Lissafin da ake mantawa shi ne injin yana cin bango ne, faɗi kuwa bango biyu ne. Aka cire rabin milimita a bango, faɗi ya ƙaru da milimita ɗaya cur. Durom mai 295.5 da ɗan zane mara zurfi zai iya fitowa 296 ya yi aiki. Mai 296.3 da rami, kafin ramin ya ɓace an wuce 297. Kuma dole a bar wani abu da sabon lainin zai ci nan gaba, ba a kankara har bakin iyaka. Idan za a yi, a yi biyun tare su fito kusan lamba ɗaya.

Liƙa lainin kuwa, na tirela da tifa da ribit ake kafa shi a kan ƙarfe mai kauri, an yi shi ne don a riƙa canzawa. Na Hilux manne shi aka yi da gam na musamman a cikin zafi da matsi a kamfani. Gam ɗin bakin titi idan ya ji zafi yana saki, abin gogawar ya ɓalle ya cusa kansa tsakanin ɗayan lainin da durom, taya ta kulle ana cikin gudu. Ban ba da shawararsa ba.

Mai_Akorikura_Soba

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. An buɗe yau. Dama: 295.7, cikinsa sumul, a bushe, lainin saura kamar milimita 2. Hagu: 296.4, da rami biyu, lainin na gaba ya cinye har ƙarfe, kuma komai ya jiƙe da baƙin mai mai warin man giya. Wil silinda biyun ba sa yoyo. Haƙoran ajasta na hagu sun daskare ba sa juyawa. Na manta ban faɗa ba, an ƙara wa sifirin na baya ganye biyu-biyu saboda lodi. Zan iya canza durom na hagu kaɗai in bar na dama?

Injiniya_Samaru

Alhaji, durom na hagu ya tafi, ba ya kankaruwa. Na dama a ƙa'ida yana da sauran rai. Idan aljihu ya matsa, za ka iya barinsa, a goge leɓen bakinsa, a bi cikinsa da samfefa a kashe sheƙin, ka sa sabo 295 a hagu. Amma ga motar da ke ɗaukar buhu kullum na fi son a canza biyun, domin sabon ƙarfe da tsoho ba sa kamawa daidai, kuma bambancin yana fitowa ne ranar da aka taka da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, baya ya murɗe gefe. Lainin kam babu zaɓi, huɗun duka, daga kwali ɗaya.

Sai dai aikin farko ba birki ba ne, aksil ne. A Hilux oyil sil yana bakin bututun aksil, sai an kwance fayif ɗin man birki da wayar hambirki an zaro shaf ɗin tare da faranti kafin a kai gare shi. Idan an zaro, a duba zoben ƙarfen da ke jikin shaf inda leɓen sil ke gogawa. Idan ya yi zane, sabon sil ma zai yi yoyo, sai an canza zoben. A juya boris da hannu a saurara. Man giya idan ya daɗe yana ratsawa yana wanke giris ɗin cikin boris, boris ya fara lilo, lilon ya sake kashe sil. Idan da gurnani ko motsi a canza shi, kuma da injin matsi ake fitar da shi a mayar, ba da guduma da kurfi ba.

Sannan a nemo abin da ya kashe sil ɗin tun farko. A saman bututun aksil akwai ɗan ƙaramin bawul mai hula da difarensha ke numfashi ta cikinsa. Lakar damina ta hanyoyin gona da jar ƙurar hunturu suna toshe shi. Idan ya toshe, man giya ya yi zafi, iska ba ta da mafita sai ta tura mai ta sil. A kwance shi a wanke, hular ta riƙa motsi da yatsa. A duba man difarensha ma, idan ya koma kalar madara ruwa ya shiga, a zubar. Kar a cika shi ya wuce bakin ramin zubawa.

Wajen haɗawa, a wanke faranti da sabon durom da feshin wanke birki, saboda sabon durom yana zuwa da maiƙon hana tsatsa. Ban da kananzir da gas, suna barin maiƙo. Kar a hure ƙurar birki da kwamfureso ko da baki, wasu lainin masu arha har yanzu akwai asbestos a ciki, yana lalata huhu. A jiƙa a goge. A yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, don a samu abin kallo. Ajasta ta hagu da ta dama zarensu ba ɗaya ba ne, aka musanya su, maimakon su matso da lainin sai su riƙa janye shi. Wadda ta daskare a warware ta, a goge zaren da buroshin waya, a shafa giris mai jure zafi kaɗan. Idan haƙoran sun cinye a saya sabuwa. Daskarewar nan ce ta sa feda ta nutse kuma hambirki ya daina riƙewa. A ɗiga giris ɗin kuma a wuraren da gefen lainin ke zamewa a kan faranti, ɗan kaɗan kamar ƙwayar gero, kar ya taɓa fuskar gogawa.

Saiti: a buɗe ajasta har faɗin lainin ya rage kamar rabin milimita ya kai na durom. A aikace, durom ya shiga da hannu, ya juya da ɗan shafa mai sauƙi, ba cijewa ba. A taka feda sau da yawa, a ja hambirki a saki sau da yawa don lainin ya zauna tsakiya, a sake gwadawa. Sai bayan wannan ake taɓa notin wayar hambirki. Masu fara ɗaure waya don hambirki ya kama da wuri suna bar wa lainin dannuwa, ajasta ta daina aiki, durom ya ƙone.

Tun da an kwance fayif, dole a fitar da iska. A yi amfani da abin da aka rubuta a murfin tankin man birki, DOT 3 ko DOT 4, daga sabuwar kwalba mai hatimi. Man birki yana shan danshin iska: DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140. Idan ya haura shekara biyu a mota ko ya yi baƙi, a zubar da shi duka a wannan aikin. Kar a kuskura a zuba DOT 5, ba ya haɗuwa da su.

Yanzu ganyen da ka ƙara. Ka leƙa ƙarƙashin bodi ta baya. Idan motarka ba mai ABS (na'urar hana taya kullewa) ba ce, za ka ga wani bawul a jikin shasi da doguwar sandar ƙarfe siririya da ta sauko ta kama aksil. Aikinsa auna lodi: idan bodi ya zauna saboda nauyi, sandar ta tura bawul ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, idan mota ba kaya ya rage don kar tayoyin baya su kulle. Da ka ƙara ganye bayan motar ya ɗaga, ko an loda ba ya zama kamar da, bawul ɗin yana ɗauka motar ba kaya, sai ya hana baya ƙarfinsa, fad ɗin gaba su ɗauki aikin duka. A sake saita sandar daidai da sabon tsayin, wajen wanda ya san aikin. Kar a ɗaure ta sama da waya, kar kuma a cire bawul ɗin a haɗa fayif kai tsaye, domin ranar da ka dawo ba kaya baya zai riga gaba kamawa. Shi ma yana da nonon fitar da iska, a tuna da shi. Ganye kuma bai ƙara wa birki komai ba: Hilux wajen tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, buhu goma sha biyar na kilo 100 tan ɗaya da rabi ne.

Bayan an gama, kafin a loda ko buhu ɗaya, a sami miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso. Daga gudun kilomita 50 a taka a hankali zuwa kamar 15, a saki, a ɗan yi tafiya ya huce, a maimaita sau goma. Sai a tsaya a kai hannu kusa da kowane wili na baya ba tare da taɓawa ba. Ɗuminsu ya zo ɗaya. Idan ɗaya ya fi zafi, an matse ajastarsa, idan ɗaya sanyi ƙalau, ba ya aiki. Bayan kwana biyu ko uku a sake bin notin taya, a leƙa ƙasan farantin hagu a ga ko mai ya sake tsattsafowa.